Ƙwallon Hai Phong a Bayan Siton Kifi

Na yi shekaru ina tuƙa motar ɗaga kaya a wani siton kifi da ke Madinar Masana'antu, can kudancin Jidda. Kwantena ke zuwa mana daga tashar jiragen ruwa cike da kwalayen kifi daskararre, ni kuma in shiga da motar in ɗebo su in jera a ɗakin sanyi. A ciki sai da rigar sanyi da safar hannu. Da ka fito waje kuma zafin Jidda mai ɗanshi zai tare ka, tabarauna su yi hazo har sai na cire na goge da gefen riga.

A cikin waɗanda muka yi aiki tare akwai mutum biyu 'yan ƙasar Vietnam. Ɗaya shi ke kula da injinan sanyi. Ya manyanta, furfura ta fara cin gefen kansa, ba shi da yawan magana, kowa kuma yana kiransa Mu'allim, kamar yadda ake kiran duk wani gwanin sana'a a nan. Ɗayan mai walda ne, sa'ana, siriri, mai saurin dariya. Mun daɗe muna wuce juna, iyakarmu ɗaga hannu.

Wata Asabar bayan azahar ina zaune a bayan sito ina cin abinci, a inuwar bangon da manyan fankokin injin ke hurawa, sai ga Mu'allim ya tsaya a kaina da waya a hannu. Da Larabcin ma'aikata ya yi mini magana, irin wanda ba shi da nahawu amma kowa a masana'antu yana ji.

"Kai, Najeriya?"

Na ce haka iƙamata, wato katin izinin zamana, ta nuna.

Ya miƙo mini wayar. Wasan ƙwallo ake yi a wani filin da ban sani ba, 'yan kallo duk sun sa ja. Ya sa yatsa a kan wani baƙin ɗan wasa mai faɗin kafaɗa da ke gudu a gaba.

"Ɗan garinku. Shi ke ci mana."

Na so in yi masa bayani. Kakana ne ya baro wani ƙauye kusa da Kano a ƙasa, ya bi ta Chadi da Sudan yana aiki yana tafiya, har ya ƙetaro teku ya yi aikin hajji, bai kuma koma ba. An haifi mahaifina a unguwar Ammariyya, ni kuma a Mahjar, duk a nan Jidda. Hausa muke yi a gida, amma ban taɓa taka Najeriya ba. Na faɗa masa haka daidai ƙarfin Larabcin da muka haɗu a kai. Ya saurare ni har na gama, ya gyaɗa kai, sannan ya jawo wani akwatin roba ya kifa shi kusa da nawa ya zauna, ya jingina wayar da gorar ruwa yadda ni ma zan gani. A wurinsa magana ta ƙare: ɗan wasan nan nawa ne, ƙungiyar tasa ce, don haka tare za mu kalla.

A ranar na fara jin sunan garin Mu'allim, Hai Phong. Ya maimaita mini shi har na iya, kamar ka ce "hai fong". Agogonsu yana gaba da namu, shi ya sa wasan da suke bugawa da yamma yake faɗo mana tsakanin azahar da la'asar, daidai lokacin da ake sassauta aiki saboda rana.

Ba mu jima ba mai walda ya iso yana goge hannu da tsumma. Ya leƙa wayar, ya yatsine fuska, ya ce mini, "Sadiƙ, abokina, kada ka ɓata lokacinka da waɗannan. Hayaniya kawai suka iya. In ƙwallo kake so, ka jira ranar da ƙungiyar garinmu, Da Nang, za ta buga."

Mu'allim bai ɗago kai ba. Ya faɗi wata kalma guda da yarensu, mai walda ya fashe da dariya ya nemi wuri ya zauna.

Haka zamanmu ya soma. Ranar da ɗaya daga cikin ƙungiyoyin biyu ke da wasa, in babu kwantenar da ke jiran saukewa, za ka same mu a bayan sito. Daga baya mai walda ya haɗa guntayen ƙarfe ya yi wa wayar mazauni mai ƙafa uku, don gorar ruwa kan zame in fanka ta yi ƙarfi. Ni nake zuwa da shayi a fulas. Su kuma kan zo da gyaɗa soyayya da gishiri, wani lokaci da busasshen kifi mai yaji da ake aiko musu daga gida.

Ban san komai game da ƙasarsu ba sai abin da ake rubutawa a jikin kwalayen da nake ɗauka. Wata rana na tambaye su ko garuruwan nasu suna kusa da juna. Mai walda ya tashi ya je jikin ƙofar wata kwantena da ta yi ƙura, ya zana mini ƙasar da yatsa: doguwa, siririya a tsakiya, duk gefenta ɗaya teku. Ya ɗiga sama ya ce nan ne garin Mu'allim. Ya ɗiga tsakiya ya ce nan ne nasa. Ya ci gaba da ɗigawa yana gangarowa yana kiran sunaye, Quy Nhon, Nha Trang, yana cewa nan ma akwai tashar jiragen ruwa, nan ma suna da ƙungiya, sai dai wani lokaci su hau babban rukuni, wani lokaci su faɗo. Na kama wasu sunayen, wasu suka wuce ni.

Garinsa, in ji shi, kogi ne ya raba shi biyu, ga gadoji, ga rairayin bakin teku mai tsabta, ga duwatsu a baya. Mahaifinsa masunci ne. 'Yan wasansu rigar ruwan lemo suke sawa, kuma mutanen garin ba su da rigima.

"Shi ya sa ba su san ƙwallo ba," in ji Mu'allim.

Nasa labarin a hankali ya riƙa fitowa, yau kaɗan gobe kaɗan. Hai Phong garin aiki ne, in ji shi. Jirage na shigowa ta bakin kogi, ga masana'antu, ga ƙurar siminti, ga manyan motoci dare da rana. Akwai wani icce da ke cike titunan garin, in zafi ya shigo sai ya yi fure ja wur har ka ɗauka wuta ce ta kama rassan. Mahaifinsa ɗan dako ne a tashar jirgi. Ranar wasa yakan ɗora shi a ƙarfen keke su nufi fili, su tarar da abokan aikinsa sun cika gefe guda, wasu ko wanka ba su samu sun yi ba. Ya ce mahaifin nasa mutum ne da ba a jin muryarsa a gida, amma a fili yakan yi ihu har muryar ta dushe, washegari sai dai ya yi magana da hannu.

Na ce masa nawa mahaifin ma ya yi dako a tashar Jidda, tun lokacin da alhazai ke sauka daga jirgin ruwa da akwatunan ƙarfe da buhunan gero. Har ya mutu yana goyon bayan ƙungiyarmu ta Jidda, masu rigar rawaya da baƙi, kuma in sun sha kashi a hannun abokan hamayyarsu masu kore, ranar ba mai tambayarsa komai a gida. Mu'allim ya dube ni sosai, ya zuba mini sauran gyaɗar da ke hannunsa.

Akwai ranar da ɗan wasan nan na Najeriya ya ci ƙwallo ana dab da tashi. Da aka gama, mai ɗaukar labari ya tare shi a bakin fili, ya yi magana mai ɗan tsawo yana haki. Mu'allim ya ƙara sauti ya kai wayar kunnena.

"Me ya ce? Yarenku ne."

Turanci ne, ni kuma Turancina bai wuce na jikin kwali ba. Na ce ya turo mini, zan nemo mai ji. Da yamma na kai wa wani maƙwabcinmu da bai daɗe da zuwa daga Kaduna ba. Ya saurara ya ce mutumin ɗan kudu ne, ba Bahaushe ba, kuma abin da ya faɗa shi ne ya gode wa Allah, ya gode wa 'yan kallo, za su ƙara ƙoƙari a wasa na gaba. Washegari na isar da saƙo.

"Shi ke nan?" in ji Mu'allim.

Na ce shi ke nan.

Sai ya ce ai duk tsawon maganar nan ya ɗauka wani abu ya faɗa game da garin. Mai walda ya ce da ya faɗa, da ya ce garin ƙura ne.

Mahaifiyata ta gaji da jin labarinsu a bakina, ta ce in kawo su ta gan su. Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci na je na ɗauko su daga masaukin ma'aikata. Sun sa riguna masu guga, mai walda har da turare. Na shigar da su ɗakin baƙi, ita kuma ta zo bakin ƙofa da mayafinta ta tsaya.

"Sannunku da zuwa, baƙin ɗana. Kun zo lafiya? Ya mutanen gida?"

Na fassara. Suka miƙe tsaye suka sunkuyar da kai, Mu'allim ya miƙa mata wata kwalba da hannu biyu. Ruwan kifi ne da suke sa wa abinci, launinsa kamar shayi. Ta buɗe ta shinshina, ta ɗan ja da baya, ta sake shinshinawa.

"Wannan ai daddawarsu ce," ta ce da ni. "Ka ce musu na gode, zan gwada a miya."

Tuwon shinkafa ta yi da miyar kuka, da soyayyen kifi a gefe. Na nuna musu yadda ake yanka loma. Mai walda ya yi ta fama da yauƙin miyar yana dariya, tana zubo masa ta gefen hannu. Mu'allim kuwa ya natsu ya cinye nasa tas, ya ce tana tuna masa da wata miyar ganye da ƙaguwa da mahaifiyarsa ke yi lokacin zafi. Da na faɗa wa tawa mahaifiyar, sai ta tambayi ko tasa tana da rai. Ya ce tana nan, ta tsufa ƙwarai, tana zaune da matarsa da 'yarsa a wani ɗan gida mai rufin kwano kusa da kogi. Ta ce in gaya masa ya riƙa kiranta kullum, ko ba shi da abin faɗa.

Bayan haka na taɓa kai su filin wasa na Jidda, ranar da ƙungiyarmu ke karɓar baƙi. Mai walda ya yi ta ɗaukar hoto. Mu'allim bai cika kallon ƙwallon ba, 'yan kallo ya riƙa kallo, da masu ganga, da yadda gefe guda ke jefa waƙa ɗaya gefen ya amsa. A hanyar komawa ya ce filinmu ya fi nasu girma da kyau nesa ba kusa ba, amma nasu a tsakiyar gari yake, in an ci ƙwallo matarsa tana ji daga kicin.

A ƙarshen wani lokacin zafi ne guguwar teku ta faɗa wa arewacin ƙasarsu. Tun kafin ta iso ake ta sanarwa, Mu'allim ya yi magana da matarsa, ta ce sun ɗora buhunan yashi a kan rufi, sun tanadi ruwa da shinkafa. Daga nan waya ta ɗauke. Ya kira, ya sake kira, ba ta shiga. Abin da ake nunawa a labarai kuwa bishiyoyi ne a kwance a kan tituna, da kwanukan rufi suna yawo a iska, da kwantenoni a tashar jirgi sun kife kan juna.

Bai bar aiki ba. Ina ganinsa a kan tsani yana duba bututun injin, ya sauko, ya ciro waya ya duba, ya mayar aljihu. Lokacin hutu ya zo bayan sito ya zauna a kan akwatinsa, bai taɓa abinci ba. Na zuba masa shayi na zauna.

Mai walda ne ya yi magana. Garinsu ya fi sanin guguwa, kusan kowace shekara sai ta leƙa su. Ya yi masa magana mai tsawo da yarensu, a hankali, ba dariya. Daga baya ya juyo ya ce mini, "Na gaya masa waya ce ke fara mutuwa. Wuta ta ɗauke, turaku sun faɗi. Shirun waya ba ya nufin komai. Mu ma an sha yi mana haka, daga baya ka tarar kowa yana nan yana share laka."

A kwanakin nan ko sau ɗaya bai tsokane shi ba. Shi ya riƙa karɓar wasu ayyukan da Mu'allim ya kamata ya hau sama ya yi, yana cewa ai dama akwai abin da zai liƙe a wurin. Da na ba mahaifiyata labari, washegari ta ba ni kunun gyaɗa a fulas ta ce in kai wa Mu'allim, in kuma gaya masa ta sa tsohuwarsa a addu'a. Na faɗa masa. Shi ba Musulmi ba ne, ban ma taɓa sanin abin da yake bi ba, amma ya riƙe kofin da hannu biyu ya ce in yi mata godiya, ya shanye.

Bayan 'yan kwanaki, muna cikin sauke wata kwantena da hantsi, na hango shi ya fito daga ɗakin inji da sauri, waya a kunne. Na kashe mota na sauko. 'Yarsa ce ta kira da wayar maƙwabta daga wani wuri da aka samu layi. Rabin rufin gidan ya tafi, ruwa ya jiƙa katifu da tufafi, kakarta ta ɗan yanke a hannu da gilashin taga amma an ɗaure. Duk suna nan. Ya tsuguna a gindin bango yana saurare, yana amsawa da kalma ɗaya ɗaya. Ya tambayi wannan, ya tambayi wancan, mai walda yana tsaye kusa yana faɗa mini abin da ake cewa: yanzu ƙanwar matarsa yake tambaya, yanzu maƙwabcinsu mai gyaran keke. Can sai na ji muryar yarinyar ta canza, tana dariya, mai walda ma ya kau da kai yana murmushi.

Na ce, "Me ya faru?"

"Filin ƙwallo yake tambaya. Wai ko rufinsa yana nan."

Da ya kashe wayar ya jima a tsugune. Mai walda ya bar shi har ya miƙe, sannan ya ce masa, da Larabci don ni ma in ji, ai ko filin ya rushe ba a yi asara ba, dama ba ƙwallon kirki ake bugawa a ciki ba. Mu'allim ya cire hular aikinsa ya buga masa a kafaɗa. Muka koma bakin aiki.

Ba a daɗe ba Mu'allim ya gaya mana ba zai sabunta kwantiraginsa ba. Ya ce an rufe gidan da leda, matarsa ta ce za ta nemi mai gyara, amma shi ya san yadda yake son a kafa rufin, kuma tsohuwarsa ta fara tambayar yaushe zai dawo, abin da ba ta saba yi ba. Akwai ɗakunan sanyi da yawa a tashar garinsu, ba zai rasa aiki ba. Mai sito ya so ya riƙe shi, amma Mu'allim ya ce halas, wato shi ke nan, ya yanke shawara.

Ni na kai shi filin jirgi da motar ƙanena, mai walda yana baya da jakunkuna. Mahaifiyata ta ba shi dabino da ƙullin garin kuka, ta ce matarsa ta gwada. Ba mu yi dogon sallama ba. Ya riƙe hannuna ya ce in na zo Hai Phong in zo lokacin da iccen nan ke fure. Na ce in Allah ya yarda. Mu duka mun san da wuya.

Aka kawo wani ɗan Indiya ya karɓi injinan, mutumin kirki, amma shi wasan kurket yake kallo. Makonni suka wuce ban je bayan sito ba sai don cin abinci. Rannan mai walda ya same ni ina ajiye mota, ya ce yau garinsu da garin Mu'allim ne za su kara, in zo.

Na tarar ya kafa wayar, ya ajiye gyaɗa. Aka fara wasa. Masu ruwan lemo suka kai hari, ya ɗan ɗaga murya, ya waiga gefensa inda Mu'allim ya saba zama, ya mayar da ido kan wayar. Can ya ce, "Haka ba daɗi. Yau kai ne ja."

Na ce ban san abin da ake faɗa ba.

Ya ce zai koya mini. In ɗan wasansu ya faɗi, in ce mutanen bakin rairayi ne, sun saba kwanciya. In sun yi ta miƙa wa juna ƙwallo ba su ci gaba ba, in ce suna jiran masu yawon buɗe ido su ɗauke su hoto. Na maimaita, ya gyara mini inda zan ja murya, ya ce Mu'allim ba ya dariya in zai faɗa, in daina dariya. Da na faɗi ta farko daidai lokacin da ya dace, sai ya juyo ya balbale ni da faɗa da yarensu, har da nuna ni da yatsa, kamar ba shi ya koya mini ba.

Ba mu ga ƙarshen wasan ba. Ana tsakiyar zagaye na biyu mai gadi ya leƙo ya ce kwantena ta iso tana bakin ƙofa, direban yana sauri. Na sa rigar sanyina na tafi tayar da mota. Sai da yamma, muna jiran bas, mai walda ya gaya mini an tashi kunnen doki.